Mafarkin da Yaya Ya Aiko wa Goggo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Goggo kuwa ta riga mu kama hanya. Yayar mahaifinmu ce. Ta cika ranar wata Laraba da hantsi, cikin bazarar nan ta Agadas da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, gidanmu na tsohon gari ya cika da mata har bakin zaure, takalma sun taru kamar ana cin kasuwarsu.

Ina zaune kusa da ƙofar ɗakinta ina amsa gaisuwa. "Ya haƙuri?" "Da godiya." Bakina na amsawa, kunnena kuwa na can yana tsintar abin da kowa ke faɗi a kanta.

Maƙwabciyarmu mai masa ta shigo tana share hawaye da gefen lulluɓi. Ta ce, "To yanzu ni wa zan kai ma mafarkina? Shekaranjiya ma na yi wani, na ce bari ta ji sauƙi in zo." Wata tsohuwar Buzuwa da ta biyo motar albasa tun daga Tabelot ta zauna a gindin bango, tabarmar Goggo kawai take shafawa. Matar kawunmu kuwa, wadda ba a raba ta da magana ko a gidan mutuwa, ta sunkuya wajen ta kusa da ita, ta ce da muryar da ta tabbata kowa zai ji, "Baiwar Allah, mace mai salla da azumi, amma ƙarshen kwananta ya tafi wajen kallon fim ɗin da ba kai ba gindi."

Sai wata mace da na san fuskarta amma ban san labarinta ba ta ɗaga kai. Ta ce, "Ni bari in faɗi nawa. Lokacin da aka fara rububin zinare a Jado, maigidana ya tafi. Na yi mafarki haƙorana na zubowa cikin tafin hannuna. Na zo na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, 'Kin iya tsagar kaba?' Na ce na iya. Ta ce, 'To mai taya ni nake nema, hannuwana sun gaji.' Kullum nan nake wuni, nan nake ci, ni da ɗiyata. Ranar da labari ya iso cewa motarsu ta mutu a hanya kuma ruwa ya ƙare musu, bisa cinyarta na faɗi. Sai daga baya na gane ba kabar take so ba. Ba ta son labarin ya iske ni ni kaɗai a ɗakin haya."

Kuka ya dawo sabo. Da ya lafa, wata daga can baya ta tambaya, "An dai faɗa ma ɗanta?"

Kowa ya juyo yana kallona. Na ce na faɗa masa, na kira shi tun kafin a yi mata wanka. Ban ƙara komai ba, don a unguwarmu ba wanda bai san abin da ke tsakanin wannan ɗa da mahaifinmu ba.

Ɗan nata wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya nake ce masa. Goggo ba ta da na cikinta da ya rayu. Mijinta ɗan ayarin gishiri ne, mai bin raƙuma zuwa Fachi, ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta dawo gidan ƙanenta ta ce ta gama aure. A zaure take sayar da kantun gishiri da dabino, tsakanin ciniki da ciniki tana saƙar tabarma. Da aka yaye Yaya, Innarmu ta ɗauke shi ta aza mata a cinya. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa ɗan Inna. A bayan Goggo ya yi wayo, a ɗakinta ya yi ƙyanda, ita ta raka shi lekol, makarantar boko, ranar farko ta tsaya a bakin taga har mushe, malamin ajin, ya roƙe ta ta koma gida.

Kada a ɗauka waliyiya nake zanawa. Goggo na da faɗa, kuma in ta riƙe mutum ba ta saki da wuri. Ta taɓa yin damina guda ba ta magana da mai masa saboda indararon da ke zubo mata ruwa a bango. Tana cin taba da kanwa, ta ce ita ce ke riƙe mata haƙora. Shayinta kuwa ɗaci gare shi kamar maɗaci, in ka yamutsa fuska ta ce, "Raggo, je ka sha ruwan sukari."

Ban san lokacin da ta fara fassara mafarki ba. Na dai tashi na iske mata na yi mata sallama da sassafe, kafin rana ta taɓa kan hasumiyar babban masallaci. Ko goro ba ta karɓa, kuma ba ta yarda a ce mata malama. "Ni ban yi karatu ba," in ji ta, "saurare na iya." Tambayarta ta farko kullum ɗaya ce: "Mi kinka ci jiya?" In aka ce wake, sai ta ce, "Tashi ki tafi, wake ne ke magana, ba ke ba." In ta ga abin ya wuce wake, sai ta sa a sake faɗa mata daga farko, a kuma sake. Abin da ya gifta sau ɗaya ba ta kula shi. Abin da ya yi ta dawowa take bi. Tana cewa, "Baƙon da ya yi sallama ya wuce, hanya ta ɓace mishi. Wanda ya tafi ya dawo, ya sake dawowa, da magana a bakinshi."

Yaya ya taso lokacin da Turawa masu yawon buɗe ido ke cika garin nan. Yana bin masu yi musu jagora, a nan ya fara riƙe kamara, abin ya shiga ransa. Da baƙi suka daina zuwa, Baba ya so ya zauna masa a shagon albasa, shi kuwa ya tafi Yamai, daga can ya yi gaba, har muka ji yana Faransa, ba shi da takardun zama. Yana can Inna ta kwanta ciwon ajali. Ya yi ta kira yana kuka, yana cewa in ya fito ba zai iya komawa ba, duk wahalar da ya sha ta tashi a banza. Inna ta cika bai zo ba. Ranar da aka kai ta, Baba ya karɓi wayar daga hannuna, ya ce masa, "Wanda bai ɗauki makarar uwarshi ba, kada ya zo ɗaukar tawa." Ya miƙo mini wayar. Daga nan ko sunansa bai ƙara kamawa ba, aka ɗebi shekaru a haka.

Sai ga fim. Mu ba mu ma san ya gama shi ba, guntunsa muka fara gani yana yawo a wayoyin samari ƴan fada, masu zaman shayi a bakin titi. A cikin guntun, wani mutum ne zaune da rawanin turkuɗi, naɗinsa irin na Baba sak, kuma da ya shigo yana ɗingisa ƙafar hagu kamar Baba. Wani hannu ya fizgi bakin rawanin yana warwarewa. Yadi na ta zubowa, na ta zubowa, har ya cika ɗakin ya kai rufi, fuska ba ta fito ba. Abokan Baba na majalisa suka nuna masa suna dariya, wai ɗansa ya sa shi a sinima. Ya dawo gida ranar bai ci abincin rana ba.

Ni nake koyarwa a lekol, ni ke da odinater, wato kwamfuta, a gidan, don haka ni Yaya ya aiko wa fim ɗin cikakke. Na kalla ni kaɗai, kaina ya ɗaure. Magana ba ta fi a ƙirga ba. Mutane na tafiya da baya, rijiya na zubo da ruwa sama, dare da rana na shiga juna ba sallama. Na yi niyyar in ɓoye shi, sai Goggo ta tare ni bayan la'asar.

"An ce ɗana ya yi abin kunya. Kawo in gani da idona."

Na kunna mata a ɗakinta. Ta tofar da tabarta, ta gyara zama, ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin. Abin da ta fara cewa shi ne, "Wanga rairayi ba namu ba ne." Gaskiyarta, a hamadar wata ƙasa ya ɗauka, tunda tamu ta gagare shi. Ta kalla har aka gama.

Na ce, "Goggo, ni fa ban gane komai ba. Masu rubutu a can sun ce wai a kan ƙaura da hamada yake magana."

Ta ce, "Su sun san nasu. Ni dai na ga yaro ya yi mafarki, ya rasa wanda zai faɗa mawa, ya aiko gida. Maida shi farko."

Haka muka shiga. Duk la'asar ɗin da kuran, wutar lantarki, bai yanke ba, sai ta rufe cinikinta ta ce, "Ɗiyata, ɗauko mafarkin." Rijiyar nan da masu tafiya da baya ba su dame ta ba, ta ce waɗannan wake ne. Abubuwan da ke dawowa ta kama, ta raɗa musu suna: akuya, mai rawani, mai goyo.

Akuyar fara ce, tana fitowa inda ba ta da dalilin fitowa, yau bisa soro, gobe cikin mota, jibi a bayan masu salla, kullum tana kallon mai kallo. Goggo ta yanke hukunci cewa sadaka ce da yaron ya yi alkawari bai cika ba. Da ya kira ranar Juma'a, kamar yadda ya saba in ya san Baba na masallaci, ta tsare shi da maganar. Na ji dariyarsa ta cikin waya, rabona da jin ta har na manta.

"Goggo, wallahi akuyar mai gidan da muka sauka ce. Ita ke shigowa da kanta, mun kora mun gaji."

"Ita ta shigo da kanta, na ji. Wa ya bar ta ciki?"

Ya ce, "Ni."

"To." Ta miƙo mini waya. Washegari ta sa aka sayo ɗan akuya fari aka yanka aka raba wa maƙwabta. Na ce mata ai ya ce ba sadaka ba ce. Ta ce, "Naman ya ɓata ma wani ciki?"

Mai rawani ne ya fi cin ranta. Ta sa na yi ta tsayar da hoton duk inda ya fito, tana kai yatsa. Ni rawanin nake kallo, ita ashe ba shi take kallo ba.

"Dubi hannun," in ji ta.

Na duba. A fitowar farko, wadda ta yi yawo a gari, hannun ƙaton namiji ne, yana fizga da fushi. A ta gaba ya ragu, kamar na saurayi. Yana ta ƙanƙancewa, har a fitowar ƙarshe ya zama hannun yaro ƙarami, ba fizga yake ba, ɗan ja yake a hankali, irin jan da yaro ke yi wa rigar ubansa a kasuwa don ya waiwayo. Na kalli fim ɗin nan sau da yawa, ban taɓa lura ba.

Ranar ba ta jira gari ya waye ba. Ta ɗauki lulluɓinta ta iske Baba a zaure yana alwalar magariba. Duk duniya ita kaɗai ke kiransa Auta, da furfurarsa da jikokinsa.

"Auta, zo ka ga saƙon ɗanka."

"Na gani, Goggon yara. Duk Agadas ta gani. Ya maishe ni dodo marar fuska, ƴan fada na dariya."

"Kunnen raƙumi ka hango ka ce ka san kayan da ya ɗauko. Ba zagi ba ne. Yaron ya manta fuskarka, nemanta yake."

Baba ya tsaya da buta a hannu. Na ɗauka maganar ta shige shi. Sai ya ce, "Mai son ganin fuskata ya san ƙofar gidana."

"Kai ka rufe ta da bakinka."

"Uwarshi ta mutu tana kiran sunanshi."

"Ina wurin. Ni na shafe mata ido. Kiran shi ta yi, ba ta ce a kore shi ba."

Baba ya aje buta, ya sa takalmi ya fita, ƙafa ɗaya ma bai wanke ba. Goggo ta shigo tana huci. Daga ranar ta daina cin tukunyar gidan, ta hura murhunta a ƙofar ɗaki tana dafa ɗan abin da za ta ci. Baba na aiko mata da nama, tana maida masa. Da safe za su gaisa, don ba ta yarda da gaba tsakaninta da ɗan'uwa ba, amma gaisuwarta kullum da wutsiya: "Ka kwana lafiya, Auta? Mafarkin na nan na jiranka." Shi kuma ya ce, "Allah ya ba mu alheri," ya wuce.

Ta can ɓangaren ma ba ta samu sauƙi ba. Fim ɗin ya buɗe wa Yaya hanya, ya samu takardunsa, yanzu yana iya zuwa ya koma. Goggo ta yi guɗa ranar da ta ji. Amma da ta ce to yaushe, sai ya ce, "Sai Baba ya ce in zo. Ba zan shigo gidan da aka yi mini iyaka da shi ba." Ta lallashe shi, ta yi masa faɗa, ta ce ya sauka a ɗakinta ya ga wanda zai fitar da shi. Ya ce bayan salla. Salla ta wuce ya ce in sanyi ya shigo. Wata rana ta aje wayar ta ce da ni, "Jini ɗaya, taurin kai ɗaya. Kowa ya riƙe bakin igiya yana ja, ni ce a tsakiya." Ta faɗa tana dariya, mu ma muka yi dariya. Dukanmu mun ɗauka akwai lokaci. Mace ce da ko ciwon kai ba ta cika yi ba.

Mai goyo ce kaɗai ta ƙi fassarawa. Mace ce da ba a taɓa nuna fuskarta ba, kullum ta ba da baya tana tafiya cikin rairayi, ta goya kantun gishiri da zane kamar jinjiri, har tana jijjiga shi. Duk fitowarta ruwa na sauka a kanta ita kaɗai, kantun na raguwa. A ƙarshe zanen ne kawai ɗaure a bayanta, ba komai ciki, ita kuwa ba ta daina jijjigawa ba. Ko makaho ya san wace ce. In muka iso wurin sai Goggo ta shiga neman gwangwanin tabarta, ko ta ce, "Wuce gaba, kuran zai tafi." Na taɓa ce mata, "Goggo, wannan fa?" Ta ce, "Wanga ban gane shi ba." Ban taɓa jin ta faɗi haka a kan mafarkin kowa ba.

Tansiyo ce, wato hawan jini, ta kayar da ita, farkon bazara, tana cikin auna wa wani dabino. Aka kai ta gidan likita, aka dawo da ita gefen hagu ba ya motsi, magana na fita da ƙyar. Baba ya bar shago ya tare a ƙofar ɗakinta. Da hannunsa yake ba ta kunu, ita kuma ta karɓa, faɗan tukunya ya ƙare ba wanda ya ambace shi. Na kira Yaya, ya ce zai nemi jirgi, ya sake tambaya ko Baba ya ce wani abu. Na ce ya zo kawai. Ya ce to, ya shiga shiri. Baba na jin muna waya, bai ce zo ba, bai ce kada ka zo ba.

Wata la'asar Baba ya tafi masallaci, ta yafuto ni da hannun dama. Ta ce, "Mai goyo." Na ɗauko odinater na kai mata wurin. Ta kalla har zanen ya zama wayam. Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi.

"Ya ɗauka ya narke," in ji ta, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Ya ɗauka na goyi banza. Yaro ne, bai yi cinikin gishiri ba. Gishiri in ya narke a bayan mutum, cikin zane yake zama. Ko an wanke, in ka lasa za ka ji shi." Ta huta. "Ki faɗa mishi. Ni kunya nake ji."

Na faɗa masa a daren. Jirgin da ya samu na makon gaba ne, Goggo kuwa ba ta kai makon gaba ba. Da na sanar da shi ta cika, ya ce to me zai zo yi kuma, wa zai tarbe shi. Ya fasa tafiyar.

Da aka tashi daga zaman makoki, baƙi suka watse, gidan ya yi faɗi. Wata rana bayan azahar ina ɗakinta ina naɗe tabarmin da ba ta gama ba, sai na ji an tsaya a bakin ƙofa. Baba ne. Ya daɗe yana kallon ɗakin, sannan ya ce, "Ina abin nan naki?"

Na gane abin da yake nufi. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, na kunna.

Da akuya ta fito bisa soro ya ce, "Mi ta ce a nan?" Na ba shi labarin sadakar. Ya yi wani ɗan sauti a hanci, ya ce, "Ita ke nan." Da mai goyo ta fito bai tambaya ba, ya dai sunkuyar da kai. Wajen mai rawani na ce, "Ta ce a dubi hannun." Ya duba, tun yana ƙato har ya zama na yaro. Carbinsa ya daina tafiya.

Akwai wani hoto da ban ambata ba, don ni kaina ba na son kallonsa. Maza uku ne ɗauke da gadon itace a kafaɗa, an shimfiɗa farin ƙyalle bisa, suna ratsa hamada. Kusurwa ta huɗu ba kowa. Ƙafar gadon ta wannan gefe na jan ƙasa, tana barin dogon zane a rairayi. Suna fitowa, su ɓace, su sake fitowa, har ƙarshen fim ɗin ba su aje ba, kuma ba wanda ya zo ya kama musu. Goggo in ta ga wurin cewa take, "Wanga ba nawa ba ne, na ubanku ne."

Baba ya ce, "Tsaya. Maida baya."

Na mayar. Ya sake cewa in mayar. Ya matso kusa, ya aza yatsa a kusurwar da ba kowa.

"Mi ta ce a nan?"

"Ta ce naka ne, Baba."

Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce. "Wurinshi ne ya bari. Ni na faɗi magana sau ɗaya cikin zafin rai na wuce. Ashe shi tun ranar bai sauke ba." Ya goge fuska da bakin rawani. "Kira mini shi."

Na kira. Baba ya karɓa, ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Alo? Ƙanwata?"

"Ni ne."

Can na ji, "Baba."

"Na kira in yi maka gaisuwar uwarka." Baba ya ci gaba. "Duka biyun. Ban yi maka ta farko ba. Ya haƙuri?"

Abin da ya biyo baya ba magana ba ce, daga can da nan. Da Baba ya samu murya ya ce, "Ka taho in kai ka ka ga inda suke kwance. Ba su da nisa da juna."

Na juya wajen da Goggo take zama don in ga yadda fuskarta za ta yi. Bango ne kawai da ƙusar da take rataye lulluɓi.

Yaya ya zo. Baba da kansa ya je tarbarsa tasha, suka wuce maƙabarta kafin su shigo gida. Yanzu in an kira salla tare suke fita, kuma duk wanda ya gan su sai ya ce madalla. Ni ma ina cewa madalla, amma ba ta fita da daɗi. Abin nan da ta roƙa tana da rai, ta bar cin tukunyarmu a kansa, ta yi ta zarya tsakanin uba da ɗa har ƙafarta ta daina ɗaukarta, bai ci wa Baba komai ba sai zama ɗaya a ƙasa tsakanin azahar da la'asar. Ta roƙa ba ta samu ba. Sai da aka rufe ta da ƙasa aka yi.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata faɗanta da riƙonta, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya zukatan matan da suka zo mata a firgice da sassafe. Mu da muka ji maganarta a makare, Allah ya yafe mana.